Shekarar da Gulbi Ya Rufe Shinkafarmu

Ina tsakiyar darasi a Anka wayar yayana ta shigo. Ba ya kirana da hantsi, ya san ina aji, don haka na fita baranda da alli a hannuna.

"Gulbi ya hau," ya ce. "Shinkafar nan taki ta nutse, ko ganye guda ba a gani. Tamu ta gado kuwa ga ta nan, kanta bisa ruwa."

Ni na kai masa irin. A wani kwas na malaman aikin gona aka ba mu shi, aka ce yana jure ambaliya. Na yi ta damun Yaya har ya ware masa rabin fadamar da Baba ya bar mana a Gummi. Daga fadamar nan gidan ke ci: shi da iyalinsa da Inna.

Na koma aji na kasa haɗa magana. Na sa ɗalibai kwafar abin da ke allo, ni kuwa ina ta kai da komo tsakanin ƙofa da taga.

Na san abin da ke faruwa ƙarƙashin ruwan, a karatu dai. Shuka tana fitar da wata iska daga jikinta. In ruwa ya rufe ta, iskar ta rasa mafita ta taru, ta haka shukar ke gane ta nutse. Akwai wasu ƙwayoyin gado masu yawa, dangi guda ne, da ke karɓar irin wannan saƙo. Wasu aikinsu jure fari, wasu yaƙi da cuta. Waɗanda ke cikin shinkafarmu ta gado umarninsu a miƙe, kara ya yi ta tsawo har kai ya fito. A sabuwar, wani ɗan'uwansu ne ke da iko, shi kuwa cewa yake a tsaya cik, kada a ƙone abincin da ke jiki, a jira ruwa ya janye. Sai dai jiran na da iyaka. In ya zarce mako biyu, ruɓewa za ta yi.

Na yi wa Yaya wannan bayani duka. Ya saurara har na gama.

"Na ji. To, yaushe ruwan za shi janye?"



A lokacin motocin Gummi ba kullum suke tashi ba, sai direbobi sun ji hanya lafiya. Na yi ta zuwa tasha ina dawowa da jakata. Abinci ya daina shiga. In hadari ya haɗu a Anka sai in yi ta leƙen sama, don duk abin da ya zuba nan gangarawa zai yi kan fadamarmu. Akwai wata ƙawata ma'aikaciyar jinya a Bukkuyum, inda gulbin ke bi kafin ya kai Gummi, na ishe ta da kira ina tambayar ko an yi ruwa wajensu, har ta ce, "Ke, ni fa ba kan gulbi nake kwana ba."

Ranar da na samu mota na isa bayan azahar. Inna ta dube ni ta ce, "Zamna ki sha ruwa tukuna, ɗiyata. Shinkafa ba gudu za ta yi ba." Na kurɓa a tsaye, na ja Yaya muka tafi.

Ruwa ya fara ja, amma har yanzu ya kai cinya. Na ɗaure zane na shiga, na lalubo wata cikin sabuwar na tumɓuke. Ganyen ya yi laɓo-laɓo, duk taɓo, ga wari. Na tsaga gindin da farce. Fari ne, da tauri. Na miƙa masa.

"Tana da rai," na ce.

Ya juya ta, ya shinshina. "Nan tudu na. Je ki ɗebo ta gangare."

Na nausa can inda ruwa ya kai ƙirji. Wadda na ciro ta narke a hannuna.

Yadda muka gani haka ta kasance. Da ruwa ya tafi, ta tudu ta kwanta kamar matacciya, sannan ta tofo kore shar, ta yi 'ya'ya sosai. Ta gangare, da ta fi daɗewa cikin ruwa, ba ta tashi ba, wurin ya zama fili. Tamu ta gado da ta yi tsawo fiye da kima, ruwa na janyewa ta zube a taɓo; ta ɗago kai daga baya, amma zangarniyar ba ta cika ba. Abin da aka sussuka ya kai su bazara da ƙyar, aka cike da dawa.

Yaya bai taɓa ce mini na yi daidai ko na yi kuskure ba. Da damina ta zagayo, ya shuka sabuwar a tudu, ta gado a gangare, bai ma shawarce ni ba. Inna dai har yau ta ce tuwon sabuwar ba ya kama hannu, in za ta yi baƙi sai ta sa a ɗebo mata ta gado.