Ɗakin Inna Ba Rumbu Ba Ne

Garin Tawa, ƙarfe biyar saura kwata

Ina sallame asuba na tare ɗan kabu-kabu ya kai ni tasha, raina a ɓace. Ni magini ne. Bara na gina wa Inna ɗaki a ƙauyenmu, gaba da Barmu: tubalin laka zalla, bango mai kauri, rufi mai baka, ba itace ba kwano, ƙofa da taga kuma suna rufuwa ruf. Sai ga waya jiya, wai zafin bazara ya kwantar da ita a tsohon ɗakinta na kwano, kwana uku ba barci. Ɗakin da na gina kuwa yayanmu Alhasan ya cika shi da gero. Wai duk abin da aka rufe da laka haka rumbu ne, uwarsa kuwa ba hatsi ba ce.

Hanyar Barmu

Sai bakwai da rabi mota ta cika, mu da awaki biyu. A shinge jandarma ya duba katina, ya ce magini ba ya tafiya hannu wofi. Na ce masa yau ba gini zan yi ba, faɗa zan yi. Direba ya yi ta dariya har Barmu. Can na sha fura, na hau amalanken jaki.

Ƙauye, sha biyu da rabi

Na tarar da Inna kwance, kwano na ƙara don zafi. Tausayi ya kama ni. Ban ko gai da Alhasan ba, na hau fitar da dammunan gero, yana biye da ni yana faɗa. Na roƙi Inna ta zauna cikin sabon ɗakin zuwa azahar kawai.

Ta shiga, ta dafa bango, ta ji sanyinsa, ta ce, "Kai, ɗan nan, mi ka sa ma ginin ga?"

Kafin a kira salla ta yi barci, har da minshari. Alhasan ya leƙo zai ci gaba da masifa, sai ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ya tuɓe takalmi ya shiga, ya ɗauko sauran dammuna a hankali.

Ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ja ƙofar, kar zahi ya shiga mata."

Wallahi na ji daɗi. Na ja ƙofar a hankali.

Tawa

Washegari da la'asar na iso gida lafiya. Na gode wa Allah, na kuma gode wa Alhasan, wanda ya rako ni har bakin hanya ɗauke da jakata.