Jar Fitila a Saga

Kalley

Ladan bai gama kiran asalatu ba na fito da jakar kayan aikina. Inna ta biyo ni har zaure.

"Halima, in kin ji muryarsa, ki ce ina gaishe shi."

Yaya Sani take nufi. Shi ne majo, wato babban nas, a wani ɗan asibiti can cikin hamadar Tenere, inda salula ba ta kamawa. Hanya ɗaya gare shi ta neman shawarar lokotoro, babban likita, a Yamai: wata na'urar tauraron ɗan'adam da ke tasharmu ta Saga. Tun jiya ta kunna jar fitila a ɓangaren da ke ɗora magana a kan iska ya aika. Ɓangaren karɓa lafiya lau. Muna jin su, ba sa jin mu.

Kusa da babbar kasuwa na samu taksi. Direban ya dubi jakata ya ce, "Madam, kafinta ce ke?"

"Ta sama," na ce. Ya yi dariya har ya wuce wani fasinja.

Bakin kogi

A Gamkalle taksi ya juya, na hau babur ɗin kabu-kabu. Rana ta fara leƙowa a kan fadamun shinkafa, balbelu sun zuba a ciki fari fat. Na tuna yadda Yaya ke goya ni a keke ta wannan hanya. Yanzu yana inda ko kwaɗo ba ya kuka.

Saga

Baba Hamani mai gadi ya tarye ni da gaisuwar "Fofo, ɗiyata!" da kwanon kopto, haɗin ganyen zogale. Ban iya ci ba, don daga ɗakin na'ura muryar Yaya ke fitowa ta lasifika.

"Yamai, Yamai, kuna ji na? Yarinyar nan zazzaɓinta bai sauka ba. Ina son lokotoro."

Ya sake maimaitawa.

Na bi abin daki-daki. Kuran na lantarki yana zuwa daidai. Mita da ƙarfin aikawa ba wanda ya taɓa su. Na kashe na kunna, jar fitila ta dawo. Da na zare wayar da ke fita zuwa parabol, babban farantin da ke duban sama, sai jar fitilar ta mutu. Ashe ciwon a waje yake.

Na zagaya baya. A wuyan parabol, daidai akwatin da ke ƙara wa saƙo ƙarfi, na ga buhun algarara a naɗe, yana ɗigar ruwa.

"Baba, wannan fa?"

"Ni na sa masa. Na taɓa shi na ji kamar murhu. Ko tulu ma ana naɗa masa jiƙaƙƙen buhu, balle wannan da ke wuni a rana."

Safe da yamma yake shayar da shi. Ruwan ya bi mahaɗar waya ya kwanta, har tagullar ta yi kore. Ban iya yi masa faɗa ba. Na yanke ruɓaɓɓen bakin, na sa sabuwar mahaɗa, na naɗe ta da roba. Shi kuma ya yi alkawarin rumfar zana daga gefe, ba ruwa.

Na kunna. Fitila ta yi kore.

"Yaya, ga Yamai."

"Auta? Ke ce?" Na ji ya ja numfashi. "Haɗa ni da lokotoro, maza."

Na haɗa su. Na zauna ina sauraren sunayen magunguna a bakin Yaya, ban fahimci ko rabi ba, ban kuma so su ƙare ba. Ya ajiye ya ruga wurin yarinyar. Da la'asar ya aiko cewa jikinta ya yi sanyi, amma wani ne ya kawo saƙon.

Gida

Motar haya faba-faba ta sauke ni Kalley ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya maido ni lafiya, na gode wa Baba Hamani da ya cusa mini kopto a leda.

Inna na kan tabarma.

"Kin gaishe shi?"

"Ban samu ba, Inna. Kalma uku kawai ya yi mini, sauran na aiki ne."

Ta matsa ta ba ni wuri.

"To, zauna ki faɗa mini su. A hankali."