Kuɓewar da Yaya Ya Shuka da Babbar Sallah

Inna ba ta bar gona mai faɗi ba, ba ta bar zinari ba. Abin da ta bari da ya tsaya mini a rai wani ɗan gora ne da hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin, rataye a madafinta a Rawayau, an toshe bakinsa da totuwa. Irin kuɓewa ne a ciki, cakuɗe da toka. Doguwa ce mai ja-ja a gindi, yauƙinta kuwa ko uku ka yanka a tukunya sai ka yi da gaske kafin ka raba loma da kwano. Wajen kakarmu Inna ta gaji irin, kuma ban taɓa ganin kamarta a kasuwar Kurfi ko ta Dutsin-Ma ba, ni da na sha dubawa.

Ni ce auta, ni ce kuma na girma a tsugune kusa da Inna a garkar bayan gida. Ko da na yi aure a Kurfi, ruwan shuka na sauka zan hau babur in je mu shuka tare. Yayana kuwa, babban ɗanta, tun yana ƙarami makarantar kwana ta ɗauke shi, daga nan aikin ofis a Dutsin-Ma ya riƙe shi. Sallah kaɗai ke kawo shi gida. Ya zo da farar shadda, ya ci tuwo, ya yaba miya, ya koma.

Da bazara Inna ta rasu, a shekarar da Yaya ya ajiye aiki ya dawo Rawayau da iyalinsa. Ranar sadakar arba'in, bayan baƙi sun ragu, na shiga madafi na tarar igiya kawai ke lilo. Na fito na same shi a tsakar gida da surukaina da suka zo gaisuwa, na durƙusa na ce ya sam mini ko cikin tafin hannu ne.

“Auta ke nan,” in ji shi, yana murmushi. “Iri ai na gidan nan ne, ba ya bin mace gidan miji. In kuɓewa kike so, ki tahi Dutsin-Ma ranar kasuwa, akwai na fakiti, har da hoto a jiki.”

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa babba don kunya. Ni ban yi ba. Na ce to, na tashi na ɗauki mayafina. Tun daga Rawayau har Kurfi ina bayan babur ina jin maganar hoton nan tana tafasa a ƙirjina. Mutumin da bai taɓa sanin ƙaiƙayin ganyen kuɓewa a damtsensa ba, shi ne zai aike ni kasuwa. Na ƙullace shi, kuma ban yi ko ƙoƙarin hucewa ba.

Akwai abin da goran bai ɗauka ba, yana cikin kaina. Inna takan ce kuɓewarta tsere take yi da tsutsa. Wani ɗan malam-buɗe-littafi ne ƙarami, mai launin ɗanyen ganye, yake bi yana saka ƙwai a kan toho da bakin fure. In ana ruwa sosai, kamar lokacin marka, ruwan sama yakan wanke ƙwan ya zubar, sai kaɗan su tsira. Amma da zarar ruwa ya fara ja baya, rana ta buɗe da zafin nan na kaka, ga raɓa da safe, to gari ya zama na tsutsa. Takan fara huda kan tsiron ta shige ciki, sai ka ga kai ya langaɓe alhali ƙasa da danshi. Daga nan ta koma cikin 'ya'yan. Shi ya sa Inna ke shuka da ruwan farko, ta ci ta ƙoshi, ta shanya, ta ɗaura tsumma a kan 'ya'yan farko don kada kowa ya tsinke su, su ƙosa su zama iri tun kafin damina ta juya baya.

Ruwan shuka ya sauka a wannan shekara, kowa ya fita gona. Na yi mako uku ban leƙa Rawayau ba. Da na je, na zaga bayan gida da sunan kama ruwa, sai na ga garka fayau, ciyawa ce kawai da sawun kaji. Na dawo na tambayi Yaya ko lafiya.

“Lahiya lau,” ya ce. “Ni yadda Inna ta yi zan yi. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Ran Babbar Sallah aka juye tumbin rago a garka, ta cakuɗa shi da ƙasa, washegari ta shuka. Asirin yauƙin ke nan. Ke da kike ta zarya, ashe ba ki lura ba?”

Na tuna shekarar. Ina 'yar ƙwailata a lokacin, shekara ashirin da ɗoriya ke nan. An yi haka, bai yi ƙarya ba. Sai dai Sallar wancan lokaci a farkon damina ta faɗo, ta bana kuwa sai marka ta kusa ƙarewa. Yaya ya san wata na zagayawa, ya yi azumi da sanyi ya yi da zafi kamar kowa. Amma sau ɗaya tak ya ga uwarsa na shuka, sai ya ɗaure abin a ƙahon rago ya bar gajimare.

Kalma biyar ta isa ta gyara komai. Na ji su sun taho har bakina. Sai na dubi yadda ya harɗe a kan tabarmar Inna yana kaɗa ƙafa, na haɗiye su.

“Allah Ya kai mu, Yaya,” na ce.

A gida na ba maigidana labari ina dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, “Irin fa na Inna ne, ba nashi ba. In ya zuba shi duka, ke ma kin rasa.” Na ce masa ai an riga an gaya mini ba nawa ba ne, a gaban iyayensa ma. Gaskiya ya faɗa, na kuma san gaskiya ce. Wata biyu ina kwana ina tashi da ita. Duk ranar da na ji kamar in hau babur in je in faɗa wa Yaya, sai in tuna fakiti mai hoto, in ci gaba da tankaɗena.

Sallah ta zo. Na je yawon Sallah washegari, na tarar da shi a garka da tsohuwar riga, ya ja layi da igiya kamar mai awon fili. Goran na gefe a kife. Na ɗaga shi na girgiza, toka ce kawai ta zubo. Ko ƙwaya ɗaya bai rage ba, wai so yake ya tara iri da yawa ya kai wa abokansa masu noman rani a bakin madatsar ruwa ta Zobe. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Amma na ce masa layin ya miƙe.

Ta tsiro kuwa, ta yi kyau, don ƙasa ta sha ruwa ta sha taki. Yaya ya riƙa aiko mini da hotonta a waya. Ina kallon hoton, ina kallon sama. Ruwa ya koma sau ɗaya a mako, daga nan ya ɗauke kwana goma sha. Rana ta buɗe, irin wadda tun hantsi riga ke manne wa mutum a baya. Kuɓewar maƙwabta ta tsufa, audugar gonakin gefen gari ta fara ƙwallo, duk tsutsar da ta ƙoshi a can tana neman ɗanyen abu. A duk unguwar kuwa garka ɗaya ce ke fure sabo.

Hotuna suka daina zuwa. Sai matarsa ta kira ni, ta ce kawunan kuɓewa duk sun sunkuya, Yaya yana ta jido ruwan rijiya yana zubawa, yana cewa ƙishi ne. Bayan kwana biyu ya je Dutsin-Ma ya sayo maganin feshi. Na ce Allah Ya sa a dace. Abin da ya riga ya shige cikin kara ya rufe ƙofa, ina feshi zai same shi?

Da kansa ya kira a ƙarshe. Bai ce in zo ba, cewa ya yi yara suna tambayata.

Na yi wanka, na ɗaura atamfata mai kyau, na je. Garkar Inna ta koma abin tausayi. 'Ya'yan sun fito a tanƙware, gajeru, kowanne da ɗan rami a gefe da kashin tsutsa a bakinsa. Yaya na biye da ni, hannu a baya. Na tsinko ɗaya na tsaga da farce, ga ta nan kwance, ƙatuwa, mai ɗigo-ɗigo, ta cinye ƙwayoyin tas. Na miƙa masa. Na tsinko wani na tsaga, na miƙa masa. Haka na yi ta yi sai da hannayensa biyu suka cika. Na ji daɗi, daɗi sosai, har cikin ƙashina, kuma har yau ban iya cewa ban ji ba.

“Mi ya kawo wanga abu?” ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

“Rana ce, Yaya. Ruwa ya ɗauke.”

“Kin san haka za a yi?”

“Tun ran da ka faɗa mani.”

Na zaci zai yi faɗa, na ma shirya masa. Sai ya zubar da abin hannunsa ya ce, “To duba mani ko da saura.”

A nan daɗin ya gushe mini. Na tuɓe mayafi na shiga layi-layi, ina ɗaga kowane ganye, ƙaiƙayi na cin hannuna har kafaɗa. Layi na farko babu, na biyu babu. Na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina, ina jin muryar maigidana a kunne. Sai can ƙarshen garka, gindin danga inda inuwar bishiyar bedi ke sauka da rana, na sami uku lafiyayyu a kara ɗaya. Na yage bakin ɗankwalina na ɗaura musu. Na aika aka kawo toka daga madafi na barbaɗe su, na tsinke duk masu rami na ce a haƙa rami a binne.

Kwana ashirin ina zuwa Rawayau kullum da safe, ina duba ukun nan kamar masu jinya. Ɗaya ta huje a mako na biyu. Biyu suka ƙosa suka bushe, har suna ƙara in an girgiza. Ranar da na yanke su Yaya na tsaye a bakin garka da goran a hannu, ya cire totuwar yana jira. Na ƙulle su a bakin zanena, na yi masa sai an jima, na wuce ta gabansa. Bai ce iri na gidan nan ne ba.

Da ruwan farko na shekara mai zuwa na shuka su a bayan ɗakina a Kurfi. Goma sha ɗaya suka tsiro. Daga su ne duk kuɓewar Inna da ta rage a duniya ta fito, kuma na san saura ƙiris in hallaka ta da bakina da na rufe. Yanzu gora biyu gare ni a madafi. Na ba maƙwabciyata, na ba ƙanwar maigidana, har wani mai lambu a Zobe na ba.

Yaya ma ba na manta shi. Duk Babbar Sallah nakan aika masa da kuɓewar Inna cike da kwano, busasshiya. Na san wadda aka yanka ɗanya aka shanya ba ta tsira ko an shuka. Duk da haka sai na daka ta lilis da hannuna, in tankaɗe, in sake tankaɗewa, in bi garin da yatsa, sannan in rufe kwanon in ba mai babur.