Jita Biyu a Shagon Abdulbaƙi

Duk wanda ya saba bi ta layin kafintoci a Wudil, kafin a kai gada, ya san shagon Abdulbaƙi. Gado yake yi da ƙofofi da kujeru, kuma ya yi suna wajen kyan aiki da ɓata wa mutane lokaci. Sai a zo ɗaukar gadon amarya, motar kaya na tsaye, shi kuwa ya hango wani ɗan tabo a ƙafar gadon wanda ba mai ganinsa sai ya kwanta a ƙasa, ya ce a sauke. Aiki ba ya barin shagonsa da aibi, ko da mai shi ya rantse ya yafe. Matarsa Sakina takan ce da kujera ce ita, da har yau tana shago ana gogewa.

A bangon shagon akwai jita biyu masu aiki da lantarki. Ɗaya ba ta da waya ko guda, ɗayar kuma a kammale take. Ɗaliban jami'a sun taya har sun gaji. Ba ya sayarwa, bai kuma iya kaɗawa ba. Don yayansa Tasi'u ya yi su.

Tasi'u ya girme shi nesa ba kusa ba. A Utai suka tashi, gidan mahaifinsu Malam Jibril, manomi mai tsare gida. Abdulbaƙi ne auta, yana ƙarami Tasi'u ya gudu Kano ya shiga ƙungiyar makaɗa a Sabon Gari, yana kaɗa jita a otal-otal. Malam Jibril ya ce kada a ƙara ambaton kiɗan nan a gidansa. Abdulbaƙi kuwa ya riƙe fushin nan har ya fi mai fushin. Uban ya rasu, ƙungiya ta watse, jitar ta bi hanyarta, Tasi'u ya dawo ya kama noman albasa, amma tsakaninsa da ƙanensa sai gaisuwar sallah. Ko sau ɗaya Abdulbaƙi bai taɓa jin kiɗan yayansa ba, har alfahari yake yi da hakan.

Da ciwo ya kwantar da Tasi'u, ƙafafu suka kumbura, Abdulbaƙi ya je dubiya. A bangon ɗakin ya ga wani tsohon hoto: Tasi'u saurayi da wando mai faɗin ƙafa, jita a jingine kusa da shi, gefenta baƙi-baƙi, tsakiyarta ruwan zuma. Ya duba gado, sai ya ga yatsun tsohon suna ta motsi a kan bargo, shi ma bai san yana yi ba. Tausayi ya kama Abdulbaƙi, da kunya. Irinsa ba su iya cewa a yafe musu da baki ba, don haka ya ɗauki hoton a wayarsa ya koma shago.

Yana da wani katakon maɗaci da ya ajiye don ƙofar ɗakinsa, shi ya yanka. Ya yi ta kallon masu ƙera jita a waya har Sakina ta fara tambaya ko lafiya. Wuyan jita na farko da ya feƙe ya lanƙwashe, ya jefar ya sake. Maɓallai da wayoyi da 'yan maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, a Kano aka nemo masa, Maikano mai gyaran rediyo ya haɗa. Fentin ne ya fi ba shi wuya. Sai ya fesa, ya bari ya bushe, ya goge, ya kai bakin ƙofa ya gwada da hoton, ya ce bai yi ba. Damina ta zo ta wuce yana neman launin zuman nan. Sakina na ce masa marar lafiya fa ake yi wa, yana cewa ai shi ya sa dole ta yi kyau.

Ran wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya naɗe ta a zane, ya aro ƙaramar lasifika wurin Maikano, ya hau babur. Ya tarar babu wuta a Utai. Bilkisu, 'yar Tasi'u da ke jinyarsa, ta shimfiɗa masa tabarma. Suka gaisa, ya tambayi jiki, aka tambayi Sakina da yara da aiki, sannan ya miƙa ƙunshin.

Tasi'u ya warware zanen. Ya daɗe yana shafa ta. Can sai ya juya ta, maɓallan suka koma sama ƙarƙashin damtsensa, ya kama wuyan da dama, ya fara kaɗa wayoyin da hagu. Tunda ba wuta, wani ɗan siririn sauti kawai ke fita, sai an kasa kunne.

"Yaya, ai ka riƙe ta a juye," in ji Abdulbaƙi.

Tasi'u ya yi dariya har da tari. "Auta ke nan. Ai ni bahago ne. Baba ne ya riƙa ɗaure min hagun da tsumma in za a ci tuwo, har na koyi ci da rubutu da dama. Jita kaɗai ce ba wanda ya tsaya a kaina."

Abdulbaƙi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Uwa ɗaya uba ɗaya, ga furfura a kan kowa, bai san hannun yayansa ba.

"Kawo ta, Yaya. Zan yi maka ta hagu, taka ta kanka."

"Haba, bar ta mana. Waccan ma a juye na kaɗa ta duk zamana a Kano. Wallahi wannan ta yi. In an kawo wuta ka zo ka ji."

Amma kafintan da ke sauke gadon amarya daga mota ba zai bar wa yayansa jita a juye ba. A ransa cewa yake mutumin nan tun yana yaro ake tilasta masa abin dama, ko sau ɗaya a yi masa nasa. Niyya ce mai kyau, ba mai musu. Sai dai maganaɗisun da maɓallan guda ɗaya ne, dole a ciro su daga ta farkon. Ya zare jitar daga hannun Tasi'u a hankali, ya ce ba za a daɗe ba, in ya dawo har da janareta zai zo. Tasi'u ya bi ta da ido har aka naɗe zanen.

Ta biyun ta fi ta farko kyau, kowa ya shaida. Tana rataye fentin ƙarshe na bushewa Bilkisu ta bugo waya da hantsi, tana kuka.

Bayan an share makoki ya kira ta gefe. Abin da yake so ya ji shi ne yayansa ya san ana yi masa ta hagu, ya kuma ji daɗi.

"Ya sani, Baffa," in ji Bilkisu. "Amma shi ta farkon yake ta tambaya. Duk sanda aka kawo wuta sai ya ce in leƙa ko kai ne."