Folda Biyu da Na Haɗe a Cibiyar Yayana

A lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, na gama difloma, ina ganin duk Funtua babu wanda ya kai ni sanin kwamfuta. Yayana ya sayar da gonarsa ta Dandume ya buɗe cibiyar rubuta jarrabawa a kwamfuta, ya damƙa mini kula da na'urorin. Kwamfutocin iri biyu ne, tsofaffi masu ƙwaƙwalwa 32 da sababbi masu 64, kuma dukkansu daga babbar na'ura ɗaya suke ɗauko laburare, wato ƙananan fayilolin da manhaja ba ta tashi sai da su.

Ni kuwa ina da son tsari har ya yi yawa. Ana jibi masu tantance cibiyoyi za su zo, na tarar da folda biyu ɗauke da fayiloli masu suna iri ɗaya sak. Na ce a raina injiniyan da ya haɗa mana malalaci ne. Na juye ɗaya cikin ɗaya, na'ura ta tambaye ni ko ta danne fayilolin da ke ciki, na amince, har ina yaba wa kaina. Kwamfutar teburina kawai na gwada, ita kuma sabuwa ce.

Ranar da baƙin suka zo, sababbin suka tashi lafiya, tsofaffin gaba ɗaya suka ƙi buɗe manhajar jarrabawar. Na kira injiniyan yana Malumfashi, da ya ji abin da na yi sai ya yi salati. Ya ce suna ne kawai ɗaya, kowace ƙwaƙwalwa da nata ginin, kamar irin masara mai saurin nuna da mai daɗewa a buhu iri ɗaya. Kafin ya iso, baƙin sun ƙirga masu aiki, ba su kai adadin da ake buƙata ba, sun tafi. Shekarar ta wuce mu, cibiyar kuma ba ta kai ta gaba ba.

Yaya bai zage ni ba, cewa kawai ya yi Allah ya kiyaye gaba, kuma da ma duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Don Allah, duk wanda ya ga abu biyu masu kama a aikin wani, ya tambayi dalili kafin ya gyara. Har yau in Yaya ya goyo ni muka zo wucewa ta gonar nan, sai ya rage gudun babur.