Tsohon da Na Kai Arewa

Jiya da la'asar yaran maƙwabta suka zuba tsakuwa a gwangwanin tumatir, suka ɗaura masa igiya suna ja a bayan katangarmu, wai mota ce. Ina zaune a tabarma ina rubutu a waya, sai ƙarar ta shigo kunnena. Na fita na kore su da faɗan da ya fi laifinsu, har uwarsu ta leƙo tana tambayar abin da suka fasa. Ba su fasa komai ba, ƙarar ce kawai ba na so. Tunda kun saba karanta ƙaryata a waya kuna yaba mini, yau ku gyara zama ku ji abin da ban ƙirƙira ba.

A wani ƙauye na tashi, arewa da Filinge, inda gonakinmu suka jingina da dutse. Idan gero ya fara ido, kafin girbi, tsuntsaye kan sauko masa kamar an aiko su, sai a tura yara tsaro. Baba yakan kafa rumfa mai dogayen ƙafafu a tsakiyar gona, ya ja igiyoyi zuwa kowane ɓangare, ya rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Aikinka ka zauna a sama tun hantsi, da ka ga garke ya sauka ka fizgi igiya ka yi ihu. Har yanzu ina jin warin ganyen gero da rana ta dafa, da ƙaurin tumun da muke gasawa a ɓoye. A shekarar da nake ba ku labari ban kai fara azumi ba, ƙanena kuwa ko famfara bai fara ba. Inna tana goyo, sai ta haɗa ni da shi da goran fura ta ce mu tafi.

Yaron nan akwai kuka. Ƙuda ya taɓa shi kuka, fura ta ƙare kuka, in ya tuna Inna kuma sai wanda ya gani. Don in samu lafiyar kunnena na fara ba shi labari. Kowa a garinmu ya san ba a yin gatana da rana, an ce mai yi ɓata yake a daji. Ni kuwa da wayon banza na ce wannan ba gatana ba ce, babu kura mai magana, babu zomo, labarin mutum ne kawai. Don haka ban buɗe shi yadda ake buɗe gatana ba, kuma ban taɓa rufe shi ba. Kullum inda muka tsaya nan muke tashi.

Wani tsoho na yi masa, dogo, mai farin gemu, yana zaune a cikin dutsen da muke hange. Na ba shi fararen awaki, nononsu da zaƙi tun daga hantsa, ba ya bayarwa sai ga yaron da ba ya kuka. Babbar akuyar na rataya mata gwangwani a wuya. Idan iska ta kaɗa igiyoyinmu ba mu ja ba, sai in ɗaga yatsa in ce ya yi shiru, ga tsohon can yana wucewa. Sai ya haɗiye kukan, ya zuba wa dutse ido.

Ba zan ɓoye muku ba, na so tsohon nan. Ina daka ina tunaninsa, ina kan hanyar rijiya ina ƙara masa kaya: sanda, tari, yadda yake kiran awakinsa da harshe. Akwai abu ɗaya da na ajiye a raina ban faɗa wa kowa ba, ina tanadinsa sai ranar girbi. Na yanke cewa ba shi da ƙaramin yatsa a hannun hagu, kura ce ta cire masa ranar da ya ƙwaci 'yar akuya daga bakinta.

Wata rana da azahar zafi ya kwantar da ni a kan rumfa. Da na farka, tsuntsaye sun rufe geron, gwangwanaye shiru, ƙanena ba ya nan. Na sauko na ga sawunsa a rairayi, ƙanana, a miƙe, ba irin na yaron da yake wasa ba. Na bi su har gindin dutse, a nan ƙasa ta ƙare, sawu ya ƙare. Na kira shi har muryata ta dishe. Ni na yi gatana da rana, amma shi ne ya ɓata.

Gari duka ya fita nema. Abin da ban manta ba shi ne muryar Baba, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, tana dawowa daga dutse. Sai washegari da hantsi wani saurayi makiyayi ya kawo ƙanena a kan jaki. Ya ce a bayan dutse ya tsince shi, yana barci a gindin aduwa, ƙafafunsa cike da ƙarangiya. Ya ce ya ba shi ruwa ya ƙi sha, wai ya ƙoshi. Mutane suna ta hamdala, ni kuwa hannun saurayin nake kallo. Yatsunsa cif suke.

Da aka watse, Inna tana cire masa ƙarangiya, ƙanena ya jawo zanena ya ce a hankali, “Yaya, na ishe shi. Ya ba ni nono. Amma ba ki hwaɗa min ba shi da ɗan yatsa ba.” Ya ɗaga hannunsa na hagu, ya lanƙwashe ƙaramin.

Na taɓa jin tsoro kafin ranar, na kunama da na bulalar Baba. Wannan daban ne. Abin da yake cikin kaina ni kaɗai, ga shi a bakin wani. Na koma bayan rumbu na ɓuya.

Daga nan zazzaɓi ya kama ƙanena. Baba ya karɓo rubutu wurin malam, ranar kasuwa kuma ya kai shi Filinge wurin lokotoro, wato likita, aka yi masa allura. Zazzaɓin ya sauka, amma tafiyar ba ta bar shi ba. Da an kau da ido sai ya miƙe ya nufi dutse, ba gudu, ba kuka, kamar wanda aka aika. Har Inna ta koma ɗaure ƙafarsa da tata da bakin zane. Ya daina cin tuwo, ya ce nono yake jira. Muna kallo wuyansa yana sirancewa.

Kakata, mahaifiyar Baba, 'yar bori ce. Baba mai salla ne, ba ya son harkar, amma uwa uwa ce. Ranar da ta kira wasan bori sai ya ɗauki lauje ya tafi yankan ciyawa, ya ce shi bai ga komai ba. Da la'asar mai goge ya zauna a tsakar gida, masu kiɗan ƙwarya a gefensa, aka zaunar da ƙanena a tabarma. Ku da kuka tashi a birni ku sani, a wurinmu Kurfayawa kowane iska yana da asali. An san uwarsa da ubansa da garinsu, an san kiɗansa da dabbar da yake so. Da kiɗansa ake kiransa, in ya zo a tambaye shi abin da aka yi masa, a ba shi haƙuri, a rabu lafiya.

Mai goge ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya hau kan mai shi sai ya zo ya duba yaron, ya shinshina kansa, ya juya. A ƙarshe wata tsohuwa da nata ya hau ta tsaya a kansa, ta yi magana da muryar da ba tata ba: “Wanga ba namu na ba. Ba mu san uwatai ba, ba mu san garinai ba.” Mai goge ya ajiye gogensa a cinya. Wanda ba shi da kiɗa ba a iya kiransa, balle a roƙe shi. Inna ta fara kuka ba sauti. Kaka ta bi fuskokin mutane da kallo har ta iso kaina, ta tsaya.

Da safe ta ce in raka ta gona. Na ɗauka duka zan sha, kuma da na fi son dukan. A gindin rumfa ta zauna ta ce, “Ke kinka yi shi?” Na ce ni ce, na kwashe komai na faɗa mata. Ta tambaye ni wa ya haife shi, na ce ban sani ba. Ta tambayi garinsu, na ce ba shi da gari, a dutse yake.

“Kin yi mutum, kin ba shi awaki, kin ba shi ƙahwa, ba ki ba shi gida ba,” in ji ta. “Ina kike so shi tahi, in ba wurinku ba?”

Na ce to bari in kashe shi, in sa dutse ya faɗo masa. Ta rufe mini baki da tafin hannunta mai warin taba. “Wanda anka kashe nan, nan shika zama. Sallamatai za ki yi, kamar baƙo.”

Da rana ta take, daidai lokacin da muka saba, Inna ta goyo ƙanena aka ɗora shi a kan rumfa. Na zauna gabansa, Kaka tana tsaye a ƙasa. Na ba tsohon uwa, na ba shi gari can arewa, gaba da Sanam, don nan ne iyakar inda na taɓa jin suna a bakin fatake. Na ce yana da 'ya a can, ta haihu, ta aiko ya zo suna. Ya tattara awakinsa ya kama hanya. Duk inda na yi gaggawa sai Kaka ta tsayar da ni daga ƙasa. “Ruwa hwa?” Sai in ba shi salka. “Takalmi hwa?” Sai in ba shi. Ta tambayi wanda ya tarbe shi, da inda awakin suka kwana, da ko an ba shi ɗaki nasa. Ba ta bar ni ba sai da aka wanke masa ƙafa, ya ci ya ƙoshi, jikansa yana kan cinyarsa.

Ƙanena ya dube ni idonsa cike da hawaye. “Ba shi dawowa?”

Na ce ba zai dawo ba. Na ce can akwai ciyawa, akwai rijiya, akwai lafiya, babu abin da zai taso shi. Kaka ta ce in rufe, da ƙarfi, yadda dutse zai ji. Na ce ƙurunƙus. Yaron ya fashe da kuka irin nasa na da, mai cika kunne, ban taɓa jin daɗin kukansa ba sai ranar. Ni ma na yi nawa, don na rabu da wanda nake so. Da yamma ya ci tuwo, Inna ta kwance zanen.

Yanzu ina Filinge, ina ɗinki, in na samu sarari ina rubuta muku labarai. Kun sha yi mini tsiya cewa mugayena ba sa mutuwa, kowane ɗan iska sai na raka shi har ɗakin uwarsa na shimfiɗa masa tabarma. Kun sha cewa ina ɓata lokaci wajen faɗin garin mai sayar da goro da ya fito sau ɗaya tak. Kuma kun san ba na sakin farkon labari sai na gama ƙarshensa. To, ga dalili. Maigidana yana cewa zazzaɓin sauro ne da wani makiyayi mai tausayi, yatsan kuma a magagin barci na faɗa yaron ya ji. Ina ce masa haka ne, don a zauna lafiya.

Kaka ta rasu, mai goge ya rasu, jikokinsa ba sa so a tuna musu sana'arsa. Ƙanena ya zama magidanci, yana lodin taksi zuwa Yamai, ya ce bai tuna komai ba sai zaƙin wani nono da bai sake samun irinsa ba. Duk wannan da sauƙi. Abin da yake hana ni sukuni shi ne, alkawari ɗaya na riƙe tsohon nan da shi, cewa can akwai lafiya. Kun san yadda arewa ta koma. 'Yan bindiga sun tashi garuruwa, mutanen gaba da Sanam suna ta saukowa da jakuna da tabarmi da abin da ya rage na awakinsu. Ranar kasuwa in na ga tsoho dogo a cikinsu, ba fuskarsa nake fara kallo ba, hannun hagu nake nema. Na gwada rubuta masa wani gari a kudu, wajen Bonkuku, amma babu mai tsayawa a ƙasa ta tambaye ni abin da na manta.

Ƙanena yana da ɗa, ko famfara bai fara ba, kuma akwai kuka. Jiya da na kori yaran nan na dawo, sai na buga masa waya na ce ina yaron. Ya ce yana ƙofar gida, wasu baƙi sun sauka da fararen awaki, tun ɗazu yake kallonsu, ko kuka bai yi ba yau. Na ce ya shigar da shi, rana ta yi zafi.

“Yaya, la'asar ta hwa, rana ta yi sanyi,” in ji shi.

Na ce ya dai shigar da shi, kuma kada ya kashe wayar sai na ji muryarsa a cikin gida.