Ranar da na kai ƙarar ciwon Yaya Safiya wajen 'yan sintiri

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayata Safiya, kuma har yau in na bi ta rumfar 'yan sintirin unguwarmu Rikkos sai na sunkuyar da kai. Wautar da na tafka a wurin, ko tifa ba za ta ɗauke ta a sawu ɗaya ba.

Ina ɗan shekara goma lokacin. Yaya tana karatun aikin gwajin jini, ciwon daji ya kwantar da ita. Da na ishe ta da tambaya sai ta ce, "Auta, a jinin kowa akwai wasu ƙwayoyi masu sintiri. In ƙwayar daji ɗanya ce, suna gane ta su murƙushe. In ta girma ta yi kama da 'yan gida, sai ta wuce ta gabansu har da gaisuwa."

"Naki fa?"

"Nawa barci ya kwashe su."

Ban tsaya jin sauran ba. Na sheƙa rumfa na shaida wa Oga Bitrus, shugaban 'yan sintiri, cewa ɓarayi sun shiga jikin yayata, masu gadi kuma na ta minshari. Bai yi dariya ba. Ya ɗauki gorarsa ya biyo ni, ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Ina suke? Su fito!" Yaya ta yi ta dariya har Umma ta kawo mata ruwa.

Bana malaminmu ya zo kan wannan darasi. Ya ce haka abin yake a wasu nau'o'in ciwon, kuma masana na ƙoƙarin renon ƙwayoyin sintirin nan a ɗura wa majinyaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji shi. Aji ya rubuta, ni kuwa muryarta kawai nake ji. Da tana nan da ta ƙwace littafin ta gyara wa malamin zane. Da ta gan ni ina karatu ba bulala, da ta ce a auna min zazzaɓi.

Ba ta bar gida ko mota ba. Ta bar min bayanin da ban tsaya ta ƙarasa ba, shi nake bi yanzu shafi-shafi.

Daminar shekarar da na kai ƙarar ba ta ƙare ba Yaya ta rasu. Oga Bitrus ne ya tare titi da gorar nan, motoci suka tsaya, muka wuce da ita maƙabarta.